Shamuwar da Na Yanke wa Fiffike

Daga Durba, zuwa ga ɗana na fari, mai koyon aikin asibiti a birnin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, jikinka da ƙarfi, hankalinka a kwance. Allah ya tsare ka a cikin birni daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Mu nan lafiya lau. Ka yi haƙuri da rubutuna, ajamin da babana ya koya mini ne tun ina yarinya a Zinyau, kuma yatsun nan sun fi sabawa da mazari. Kada ka nemi labarin gari a ciki, ba shi ya zaunar da ni ba.

Baffanka Sale ya dawo daga Kano ya ce ya gan ka, ka rame, kuma tambayarka ta farko a kan gwiwoyina ce. Ya ce ka faɗa masa da zarar shamuwa ta sauka za ka ajiye karatun ka dawo ka kama gonar marigayi mahaifinka, wai ranka ba ya kwanciya in ka tuna ni kaɗai ce a gida. Ranar da za ka tafi ma ka durƙusa a ƙofar ɗakina ka ce, "Inna, in kin ce in zauna, zan zauna." Ni kuwa na sunkuya a kan kaɗina na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara komai ba. Ka san yadda muke da ɗan fari, ba a kallonsa sosai, ba a kiran sunansa, balle a zauna ana hira da shi. To, a takarda babu mai ganin fuskata, saboda haka yau zan ba ka amsa. Amma tun da shamuwa ka sa ta zama alamar dawowarka, sai ka fara jin labarin wata shamuwa tukuna.

Shekarar da kake goye a bayana ne. Ka san tsamiyar nan da ke bayan garkarmu, wadda mahaifinka yake hawa kowace bazara ya ɗaura tsohon kwando don shamuwa ta sami wurin sheƙa. Babu mai jifar shamuwa a garin nan, ita ce mai kawo mana albishir ɗin ruwa, gidan da ta zaɓa kuwa har wani ji da kai suke yi. Damina ta fara ja da baya, an soma yankan gero, sai wata safiya na shiga garka tsinkar kuɓewa na tarar da wata shamuwa a ƙasa tsakanin kunyoyi. 'Yar bana ce, daga cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe a kwandon, ba ta daɗe da fara tashi ba. Ta durƙushe, wuyanta ya lanƙwashe, idanunta a lumshe, fiffike ɗaya yana jan ƙasa. Da na kai hannu ko sara ba ta iya kawo mini ba. Har yau ban san ciwon da ya kama ta ba. Na dai naɗe ta a gefen zanena na shigo da ita, zuciyata cike da tausayi, kaina kuwa babu komai a ciki.

Kuskurena na farko, na ɗauke ta kaza. Kaji na sani, tun ina ƙarama nake kiwonsu, sai na yi mata abin da ake yi musu. Na jiƙa ɓawon maɗaci na buɗe bakinta na ɗura. Na kwaɓa tsaki da dusa na dunƙula ina tura mata har maƙogwaro. Ta yi ta kakari tana amayar da shi, ni kuma ina ƙara turawa, ina cewa a raina taurin kai ne irin na mara lafiya. Kakarka Iya, mahaifiyar babanka, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa tana kallona, sai da na gaji don kaina sannan ta ce, "Wai ke yarinyar nan, tun da uwarki ta haife ki kin taɓa ganin shamuwa a gindin turmi tana tsince tsaki?"

Na ce, "A'a, Iya."

Ta ce, "To a ina kike ganinta?"

Sai kunya ta kama ni, domin na sani. A gona nake ganinta tana bin bayan masu huɗa, a fadama nake ganinta tana cafkar fara da kwaɗi. Duk rayuwata ina ganinta, ban taɓa dubanta ba. Na ɗauki ƙwarya na shiga garka na kamo fara, na ajiye a gabanta na ja da baya. Ta daɗe tana kallo, can sai ta miƙa baki ta ɗauki ɗaya.

Kai ma za a kawo maka mutane, kana da kwalabe a jere a gabanka, hannunka yana ƙaiƙayin ya ba da abin da ya iya. Ka tsaya ka dubi mutumin tukuna. Ka tambaye shi daga ina ya fito, me yake ci, a ina yake ɗiban ruwa, yaushe abin ya fara. Mutanenmu na ƙauye in sun ga mai farar riga bakinsu yakan mutu, ko me ka ce sai su ce "to." Wannan "to" ɗin ba yarda ba ce, tsoro ne. Ka zauna ƙasa-ƙasa, ka yi musu Hausar gida, kada ka yi musu ta littafi. In ba ka gane ciwon ba kuma ka ce ba ka gane ba, ka kira wanda ya fi ka. Ni da na ci gaba da ɗurata, da na kashe ta kafin azahar, kuma da zuciya ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin wannan akwai son kai a ciki. Na kife ta da akurki a gindin rumbu. Labari ya bazu cewa Hansai matar Malam tana jinyar shamuwa, mata suka yi ta shigowa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo ɗiban wuta, duk ƙarya ce, kallo suka zo. Ni kuwa amarya ce baƙuwa a Durba, babu wanda ya san da zamana sai a lokacin. Suka sa mini suna Uwar Shamuwa, sunan ya yi mini daɗi ƙwarai. Duk wadda ta shigo sai in ɗaga akurki, in ɗago fiffiken in nuna mata, in ba da labarin yadda na tsince ta, kullum labarin yana ƙara tsawo. Tsuntsuwar nan ta takure a lungu tana rawar jiki. Farar da ta fara ci ta daina. Mahaifinka ne ya lura, ya ce mini, "Hansai, ke in kina kwance ba lafiya, kya so a yi ta yaye miki mayafi ana nuna wa mutane?" Ya ɗauke ta ya mayar garka, ya kafa mata zana ta yi mata inuwa, ya ce kowa ya bar wurin. Kafin wani lokaci ta miƙe a kan ƙafafunta.

Ka riƙe wannan da kyau. Wanda ciwo ya kayar ba shi da abin da ya rage masa sai sutura. Zai kwance maka abin da bai taɓa nuna wa ɗan'uwansa ba. Kada ka mai da shi abin hira a wurin shan shayi, kada ka ce "zo ka ga wani abu" ko da abokin karatunka ne, sai in ganin nasa zai amfani mai ciwon. Kuma in aka fara yabonka, ka binciki zuciyarka, ka ga mara lafiyar kake wa aiki ko sunan. Ni na san daɗin suna, na kuma san wanda ya sha wuyarsa.

Yanzu na zo kan wanda saboda shi na rubuto. Ta warke. Ta koma cin fara kamar ba gobe, har ni da kai a bayana muke yini muna farauta a garka. Ta fara buɗe fukafukai tana kaɗawa, tana tsalle ta hau danga ta sauko. Wata rana ta tsallake dangar ta faɗa lungu, ƙarfinta bai gama dawowa ba, karen wani mafarauci ya yi kanta. Da ihu da muciya na ƙwace ta. Na dawo da ita gida. Iya ta tafi barkar haihuwa Kibiya, mahaifinka yana gona, babu mai ce mini kul. Na tuna abin da muke yi wa kaza ko zabuwa mai tsallake danga. Na ɗauko askar mahaifinka, na danne ta da gwiwa, na buɗe fiffikenta na dama, na yanke dogayen gashin nan kaf. Na share su na zuba a juji, na ji hankalina ya kwanta. A ganina na cece ta.

Da la'asar mahaifinka ya dawo, ya ajiye lauje, ya leƙa garka. Ya ga fiffiken. Ka san shi, Allah ya jiƙansa, ba mai faɗa ba ne, shirunsa ya fi faɗa ciwo.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce, Malam. Saura kaɗan kare ya cinye ta."

Ya ce, "Hansai, a ina shamuwa take cin rani?"

Ban san inda take zuwa ba, har yau ban sani ba. Amma na san ba a nan ba ne. Yaron goye ma ya san da an kawar da amfanin gona shamuwa takan tafi, ba a sake ganinta sai bazara. Na sani sarai, tsoro ne ya rufe mini ido, na ga karen da ke gabana, na manta da tafiyar da ke gabanta.

Ya ce gashin da aka yanke ba ya tsirowa sai ranar da ya zube don kansa, wannan kuwa da sauran watanni. Abin da ya rage shi ne a tuge guntayen daga tushe. Za ta sha zafi, jini zai fita, amma sabon gashi zai taso da wuri, wataƙila ta tarar da na ƙarshen tafiya. Na rungume ta na fashe da kuka, na ce wallahi ba mai taɓa ta, wahalar da ta sha ta isa. Ya dube ni ya ce, "To, taki ce." Wannan ma kuskure ne a kan kuskure. Na hana ta zafin yini guda, na saya mata rani guda. Kai da za ka riƙa matse maruru kana wanke gyambo kana soka wa jarirai allura uwayensu suna harararka, ka tuna da ni. Akwai tausayin da ba mai ciwon ake ji wa ba, kai ne ba ka son jin kukan.

Ranar da sauran shamuwoyin suka tashi ina tsakar gida ina sheƙar gero. Da hantsi suka taru a sama, suna kewayawa suna ƙara yin sama har suka zama kamar ƙudaje. Sai na ji motsi a garka. Ta fito fili, ta ɗaga kai tana kallonsu. Ta ruga da gudu ta buɗe fukafukai, ta ɗan rabu da ƙasa, sai ta karkace ta faɗi ta gefen da na yanke. Ta tashi ta sake. Ta sake faɗuwa. Ta yi ta yi har ƙirjinta fari ya koma ja da ƙasa. Da sama ta yi wayam sai ta tsaya cik, ta daɗe a haka. Na ajiye faifai na shiga ɗaki, ranar ban iya cin tuwo ba.

Ranin nan na sha wuya, ita ma ta sha. Fara ta ƙare, kwaɗi suka shige ƙasa. Na koma fasa shuri ina ɗebo mata gara, ina jiƙa busasshen kifin miya ina ba ta a ɓoye, ranar kasuwa mahaifinka ya roƙo mata tarkacen hanji wurin mahauta. Ta rayu, amma ta zama wata aba daban. Ta daina tsorona, ta daina tsoron kowa. Ina daka tana gindin turmi, ina wanke-wanke tana bayana, in na shiga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa da ƙafa ɗaya tana jirana. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini daɗi. Akwai daɗi a ce wani rai ba ya iya komai sai da kai.

Bazara ta zo, guntayen suka zube, sabon gashi ya fito baƙi wuluk, ya fi na da kyau. Mahaifinka ya hau tsamiya ya ɗaura kwando. Sai ga su sun dawo, gari ya ɗauka, yara suna ta tsalle. Na fito da gudu in ga abin da za ta yi. Ta ɗaga kai ta dube su suna sauka a kan tsamiyar da aka haife ta. Ta kaɗa fukafukanta, lafiyayyu, babu abin da ya same su. Sannan ta naɗe su, ta juyo, ta tako a hankali ta dawo gindin turmi ta tsaya tana kallon hannuna.

Na yi dariya na ce, "Iya, kin gani? Ta ƙi tafiya, ni take so."

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Murna kike? Yo ai wannan ba shamuwa ba ce kuma. Kazarki ce mai dogayen ƙafafu."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na gwada korarta, ta kewaya rumbu ta dawo. Na hana ta abinci, ta bi ni har madafa. Daga ƙarshe mahaifinka ya ce in dai tana ganina ba za ta tashi ba. Da aka yi ruwan shuka ya sa ta a kwando ya rufe, ya ɗaura a jaki, ya nufi wata fadama can wajen Rurum inda suke taruwa da yawa. Na ce zan bi shi, ya ce a'a. Da yamma ya dawo da kwando babu komai. Na tare shi tun a zaure na ce, "Malam, ta tashi?" Ya ce, "Na ajiye ta a cikinsu na juyo. Ban waiwaya ba, don in na waiwaya za ta biyo ni." Iyakar abin da na sani ke nan. Ko ta bi 'yan'uwanta, ko wani abu ya cinye ta a fadamar, Allah kaɗai ya sani.

Da na ɗauki darasi daga nan da na ce alhamdu lillahi, amma ban ɗauka ba. Ka tashi kana yawan ciwo, yau saifa, gobe tari, sau da yawa na fid da rai. Da ka warke sai na kasa yarda ka warke. Sa'anninka suna wanka a rafi, na hana ka. Suna hawan duwatsu, na ce ƙirjinka. Da aka ce za a kai ka makaranta Rano sai da na kwanta ciwon ƙarya, mahaifinka ne ya yi kamar bai gani ba ya sa ka gaba. A gaban mutane ina kawar da kai kamar ban san da kai ba, a bayan idonsu kuwa ban taɓa barin ka yi nisa da turmina ba. Ba da aska na yi maka ba, da "kada ka" na yi, kuma kai yaro ne mai biyayya, ba ka taɓa tsallake danga ba.

Shi ya sa ranar da ka durƙusa ka ce in na ce ka zauna za ka zauna, na tuna da shamuwar nan. Ga ka namiji sosai, ga takardar ɗaukarka a aljihu, mota tana jiranka a Rano, ka juyo kana kallon hannuna. Bakina ya cika da "zauna," Allah ne shaida. Ba kunyar ɗan fari kaɗai ta hana ni ɗago kai ba. Abin da mahaifinka ya yi a fadama na yi.

To ga amsarka. Kada ka dawo. Gwiwoyina suna ciwo, gaskiya ne, kuma zamanka a gida ba zai sa su daina ba, wataƙila ma abin da kake koyo ne zai yi musu amfani wata rana. Gona na yi magana da Baffanka, zai haɗa da tasa ya noma, in aiki ya yi yawa a kira gayya, ni zan dafa musu abinci ina zaune. Ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya, aiki zai dawo hannun 'ya'yanmu. In kowace uwa ta riƙe nata a gindin turmi, ban san wanda za mu tarar ba ranar da aka ɗauke mu ranga-ranga zuwa ɗakin magani. Kewa kuwa ina yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Har yanzu nakan zuba tuwo a kwanonka kafin in tuna. Wannan nawa ne, ka bar mini kayana, zan iya ɗauka. In an ba ku hutu ka zo ka gan ni, in dafa maka dambu, ranar komawa kuma ka koma ba tare da ka tambaye ni ba.

Ka tsare salla a kan lokacinta. Ka ci abinci, Baffanka ya ce wuyanka ya yi tsawo. Ka gaida malamanka da waɗanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Na sa an ɗaura kwando a tsamiya kamar kullum. In ka ga shamuwa ta gifta ta saman birni, ruwa ne ya kusa, ba ni nake kiranka ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa albarka a hannunka, ya sa duk wanda ka taɓa ya tashi ya tafi da ƙafafunsa. Tun da aka raɗa maka suna ban taɓa faɗarsa ba, kullum "yaron nan" nake cewa, kuma ina jin har da wannan na riƙe ka. Can suna kiranka da sunanka. Bari ni ma in rubuta shi sau ɗaya, tun da babu mai ji.

Allah ya kiyaye ka, Malam Haruna. Ka zauna inda kake.

Ni ce mahaifiyarka.